Sunan da Ba a Yanka Masa Rago Ba

Da wuya ka shiga ajin sakandare ka rasa yaro ɗaya da aka daina kiransa da sunansa. Ranar suna an tara jama'a, an raba goro, an yanka rago, an raɗa masa Abubakar ko an raɗa mata Hauwa'u, amma kafin a gama zangon farko na aji ɗaya sunan ya bi iska, wani ya hau kansa ya zauna daram. Wannan Duna ne saboda baƙi ne. Waccan Lukuta ce saboda tana da jiki. Ga Ƙashi-da-rai, wanda sikila ta hana shi yin kumari, ga kuma Amalala, saboda dare guda tak da ya jiƙa katifa a ɗakin kwanan ɗalibai. Sunan yakan bi yaro daga aji zuwa filin ƙwallo, daga can zuwa unguwa, har wata rana malami ma ya kira shi da shi, aji ya kwashe da dariya. In ya ɓata rai a ce ba ya son wasa. In ya kai ƙara gida uba ya ce, "Kai ba namiji ba ne? Ka rama mana." Uwa ta ce, "Yi haƙuri, wata rana sai labari." Dukansu da kyakkyawar niyya suka faɗa, kuma gobe yaron zai koma makaranta ba a rage masa komai ba.

Abin da ya sa maganar take da wuyar kamawa a wurinmu shi ne mu mutane ne masu son barkwanci, kuma namu mai tsari ne. Taubasai suna yi, jika da kaka suna yi, haka Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe. Duk wanda ya tashi cikin wannan wasa ya san dokarsa ko ba a karanta masa ba: kowa yana da bakin ramawa. In ka ce wa taubashinka bawanka ne, zai mayar maka da wadda ta fi ta zafi, ku rabu kowa yana dariya. Ran da aka ga abokin wasa cikin damuwa kuwa, sai a ajiye wasan a tambayi lafiya. Mai cin zali yana fakewa da wannan al'ada alhali ya karya dokarta gaba ɗaya. Shi kaɗai ke da baki, wanda ake yi wa ba ya dariya, kuma ɓacin ransa shi ne ainihin abin da ake nema.

Masanin da ya fara zama ya yi nazarin al'amarin a ilimance shi ne Dan Olweus, ɗan ƙasar Suwidin da ya yi yawancin aikinsa a Jami'ar Bergen ta Norwe. Ya raba cin zali da faɗan yara na yau da kullum da alamomi uku: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma ƙarfi bai zo ɗaya ba. Ta ukun ita ce iyaye suka fi mantawa da ita. Sa'anni biyu su kama kokawa, a raba su, su kakkaɓe riga, wannan faɗa ne. Ƙarfin da ake nufi kuwa ba lalle na damtse ba. Yawan abokai ƙarfi ne, kuɗin uba ƙarfi ne, iya Turanci a makarantar da ake dariyar wanda bai iya ba ƙarfi ne, haka ratar aji uku a makarantar kwana. Shi ya sa "ka rama" ba ta kai yaro ko'ina. Da yana iya ramawa, da tun farko ba shi aka zaɓa ba.

Tun shekarun 1970 Olweus yake rubutu, hukumomi ba su ɗauki abin da zafi ba sai a ƙarshen 1982, lokacin da yara maza uku 'yan shekara 10 zuwa 14 suka kashe kansu a arewacin Norwe bayan tsangwamar da suka sha a hannun 'yan uwansu ɗalibai. A 1983 ma'aikatar ilimin ƙasar ta ƙaddamar da gangami a dukan makarantu. A makarantu 42 na Bergen da aka gwada tsarin Olweus a kan yara kusan 2,500, cin zali ya ragu da kimanin rabi cikin shekara biyu. Wannan ya nuna abin ba halin yara ba ne da ba shi da magani. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2019, wanda ya tattaro bayanai daga ƙasashe 144, ya ce ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya an ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a watan da ya gabaci tambayar. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kashi 48 cikin 100. Dalilin da yaran suka fi ambata shi ne kamannin jiki. A nan Nijeriya, a watan Afrilun 2024, bidiyon wata ɗaliba da 'yan uwanta ɗalibai suke sharara wa mari a wata makarantar kuɗi a Abuja ya karaɗe ƙasa, har aka rufe makarantar na 'yan kwanaki. An ga wannan ne don akwai waya a hannun wani, kuma makarantar tana babban birni. Na makarantar ƙauye ba mai ɗauka.

A makarantun kwana da yawa abin ya zama kamar doka. Yaro ɗan shekara 11 ko 12 ya iso da akwatin ƙarfe, da bokiti, da garin kwaki, da sukari, da ƙuli-ƙulin da uwarsa ta ƙulle masa a leda. Daren farko bayan an kashe fitila siniya ya ce a buɗe akwati. Kafin mako ya zagayo yaron ya koyi tashi tun kafin kiran assalatu ya ɗebo wa wani ruwan wanka, ya wanke masa kaya, ya miƙa tsokar da ke kwanonsa ranar da aka dafa nama, ya yi tsallen kwaɗo ko kamun kunne a kan laifin da ba a gaya masa ba. Ranar ziyara uwa ta dube shi ta ce, "Ka rame fa." Ya ce abincin makaranta ne. Ba zai faɗa ba, don ya san da la'asar iyaye za su tafi, siniya kuwa ɗaki ɗaya za su kwana. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da yaron yake rarrashin kansa da shi a ƙarƙashin bargo: "Ni ma zan zama siniya." Tun hawayensa bai bushe ba ya rubuta bashi a kan wani yaron da yanzu yake firamare.

Manya da dama suna kare wannan tsari. Za ka ji ana cewa, "Mu ma haka aka yi mana, ga mu nan mun zama mutane, ai shi ke sa yaro ya yi ƙwari." Masu faɗar haka su ne waɗanda suka kai labari, suka samu kujera a taron tsofaffin ɗalibai. Wanda ya tsere daga makaranta a aji biyu bai sake komawa ba, ba ya zuwa wannan taro. A Birtaniya an bi rayuwar yaran da aka haifa cikin mako guda a 1958, kuma a 2014 masu bincike na King's College da ke Landan suka duba bayanan mutum 7,771 daga cikinsu, waɗanda aka tambayi iyayensu batun cin zali tun suna shekara 7 da 11. Sun tarar cewa bayan kusan shekara 40 waɗanda aka ci zalinsu sun fi sauran fama da ƙuncin rai da rashin lafiya, kuma waɗanda abin ya yi wa yawa sun fi faɗawa ciwon damuwa da fargaba da tunanin kashe kai. Mutum ya kai shekara 50, yana da furfura, amma abin da aka yi masa a filin makaranta bai sake shi ba.

Cin zalin 'yan mata sau da yawa ba ya barin tabo a fata. Yarinya ta zo ta zauna, a tashi. A fitar da anko ba a gaya mata ba. A yi ta habaici a kan hijabinta ɗaya tilo, ko takalmin roba, ko sana'ar mahaifinta. Mafi muni shi ne ƙage, a ce an gan ta da wane a wuri kaza, a cikin al'ummar da magana irin wannan take iya bin yarinya har ranar da aka zo neman aurenta. Waya kuma ta cire ɗan hutun da ake samu a da. Can baya yaro in ya dawo gida ya rufe ƙofa ya tsira har gobe. Yanzu hoton yarinya da aka ɗauka tana hamma a aji an mayar da shi sitika a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, ana turawa ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ita kuma tana kwance kusa da uwarta tana ganin sunayen waɗanda suka yi dariya ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa abin yake shiga jiki haka a shekarun balaga? Lokaci ne da jiki yake canzawa ba da shawarar mai shi ba: murya ta buɗe, ƙuraje su fito, yarinya ta fara ƙirgar dangi, wani ya zarce sa'anninsa tsawo, wani a bar shi a baya. Yaro yana neman ya san ko shi wane ne, kuma a idon sa'anninsa yake dubawa. Uwa ta ce, "Ke kyakkyawa ce," yarinya ta ce a ranta, ai dole ki faɗa, ke kika haife ni. Maganar da aka maimaita wa yaro sau ɗari kuwa, wata rana shi zai riƙa faɗa wa kansa, kuma daga ranar mai cin zalin ko ya bar garin aikinsa yana ci gaba. Mai in'ina ya gwammace malami ya ce bai san amsa ba da ya buɗe baki. Wata ta riƙa rufe baki da gefen hijabi in za ta yi dariya. Wata ta tara kuɗin tara ta sayi man bilicin, wanda wasu nau'o'insa suke ɗauke da sinadarin makuri da wasu masu ƙona fata da lahanta ƙoda, har hukumar NAFDAC ta ayyana shafe-shafen a matsayin babbar barazana ga lafiyar al'umma a 2023. Siririya ta nemi sha-ka-fashe a kemis. Namiji kuma ya je ya raɓu da 'yan daba don a riƙa shakkarsa. Mukan yi wa yaran nan faɗa a kan man da ƙwayar, ba mu tambayi wane ne ya fara gaya musu cewa yadda suke bai isa ba.

Wani abu da bincike ya fito da shi, wanda nake ganin kowane malami ya kamata ya sani, shi ne cin zali sana'a ce mai buƙatar 'yan kallo. Christina Salmivalli ta Jami'ar Turku a ƙasar Finlan ta nuna a 1996 cewa ban da mai yi da wanda ake yi wa, akwai mataimaka, akwai masu zuga da dariya, akwai masu kawar da kai, akwai 'yan ƙalilan masu karewa. A kan wannan aka gina shirin KiVa da makarantun ƙasar suka fara amfani da shi a 2009, wanda ya mayar da hankali kan sauran 'yan aji. A Kanada kuma Debra Pepler da Wendy Craig da abokan aikinsu sun ɗauki hotunan bidiyo a filayen wasan makarantun firamare na Toronto. Sun ga cewa kusan duk lokacin da ake cin zalin wani akwai yara a wurin, amma sau ɗaya cikin biyar kawai wani yake sa baki. In an sa bakin kuwa, a kashi 57 cikin 100 abin yana tsayawa kafin daƙiƙa 10. Ribar mai cin zali ita ce dariyar aji. Yaro ɗaya mai kwarjini ya ce, "Kai, ka ƙyale shi mana," ya isa ya karya kasuwar.

Addini ma ta nan ya ɓullo wa al'amarin. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili, ta hana aibata juna, ta hana jifa da munanan laƙabi, kuma ta ambaci mata daban bayan ta ambaci jama'a. Akwai kuma labarin Abdullahi ɗan Mas'ud da Imamu Ahmad ya ruwaito. Ya hau bishiya zai tsinko asuwaki, iska ta kaɗa shi, sai wasu sahabbai suka yi dariyar sirancin ƙwaurinsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye su abin da ya ba su dariya, sannan ya sanar da su cewa ƙafafun nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a ma'auni. A lura da wanda aka fuskanta. Masu dariyar aka yi wa magana, nan take, a gaban jama'a, kuma a cikin maganar aka ɗaga darajar wanda aka yi wa. Ba a ja Ibn Mas'ud gefe an ce ya koyi haƙuri ba.

Wannan tsari nake so mu riƙe, domin ina jin tsoron yadda ake yi wa yara wa'azin yarda da kai alhali dukan bai tsaya ba. Ka ce wa yarinyar da ake muzantawa kullum ta so kanta, ka juya ka tafi, ka ƙara mata laifi ne a kan laifi: ga ta baƙa, ga ta kuma ta kasa son kanta. Aikin farko na manya ne. Uban da ya ga ɗansa yana ƙirƙirar ciwon ciki kowace safiyar Litinin, ko riga tana dawowa a yage, ko kuɗin tara ba sa isa, ko yaro mai surutu ya koma shiru, ya zaunar da shi ya saurara har ƙarshe. Kada tambayar farko ta zama, "Kai me ka yi musu?" Kada kuma a ƙwace wayar yarinyar da ta nuna saƙonnin zagi, domin gobe ba za ta sake nunawa ba. A adana saƙonnin, a rubuta rana da wuri, a je wurin shugaban makaranta, a koma bayan mako biyu a ji inda aka kwana. Makaranta kuma ta san cewa bulala a gaban taron ɗalibai ba ta gama magana, sau da yawa ma a daren ranar ake hucewa a kan wanda ya kai ƙara. Abin da ke aiki shi ne babba ya kasance a inda abin yake faruwa: ɗakin kwana bayan an kashe fitila, layin famfo, bayan ajujuwa lokacin tara. Kuma a daina miƙa wa ɗan shekara 17 ikon hukunta ɗan shekara 12.

In an tsayar da zalunci, sai a shiga aikin da ya fi tsawo, wato yaron ya dawo ya zauna lafiya da kansa. Yawanci kansa a cakuɗe yake, duk abin da aka taɓa jifarsa da shi ya dunƙule wuri ɗaya ya zama "ni ba kowa ba ne." Yana buƙatar wanda zai taya shi warwarewa. Akwai abin da halitta ce, kamar launi da tsawo da zabiyanci da sikila, waɗanda babu laifi a cikinsu balle a nemi gafarar kowa. Akwai abin da ake iya gyarawa, kamar rauni a lissafi ko warin jikin da balaga take kawowa, waɗanda aiki ne na malami da sabulu da alimun, ba hukunci ne a kan darajar mutum ba. Akwai kuma ƙarya tsagwaronta, wadda sai a kira ta da sunanta. Albert Ellis, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, ya daɗe yana koyar da cewa mutum ya auna ayyukansa, wannan ya yi kyau wannan bai yi ba, amma kada ya ɗora kansa ɗungurungum a kan sikeli. Yaron da ya gane bambancin "na faɗi jarrabawa" da "ni daƙiƙi ne" ya yi rabin tafiyar.

Sauran rabin ba da magana ake yin sa ba. Abu biyu na ga suna tayar da yaro. Na farko aboki, ko ɗaya ne. Wani bincike da aka buga a 1999 a kan yaran Kanada ya nuna cewa samun amini guda yana rage illar tsangwama ƙwarai. In babu shi a aji, a nema masa a Islamiyya, ko ƙungiyar ƙwallo, ko cikin 'ya'yan dangi, inda ba wanda ya san laƙabin. Na biyu iyawa. A bar yaro ya ƙware a wani abu da hannunsa ko kansa: ɗinki, gyaran waya, hadda, zane, kiwon tattabaru, muhawara. Yarinyar da ta ɗinka riga ta ga wata ta saka ta je biki da ita ta samu hujjar da ba mai iya ƙwace mata, kuma hujja irin wannan ta fi yabo dubu shiga zuciya, don ita da kanta ta ga abin da ta iya. Mu ma a gida mu duba bakinmu. Gidan da ake cewa "'yar farar" da "'yar baƙar," ko ake gwada yaro da ƙaninsa a gaban baƙi, ya riga ya share wa 'yan makaranta hanya.

Akan kawo misalin Salif Keita, mawaƙin Mali da aka haifa zabiya a Djoliba a 1949, wanda ya sha ƙyama tun yana ƙarami, ya zama ɗaya daga cikin muryoyin Afirka da duniya ta fi sani, har ya kafa gidauniyar tallafa wa zabiya. Labari ne mai ƙarfafa gwiwa, amma ina taka-tsantsan da irinsa. Yana iya sa yaro ya ɗauka sai ya shahara sannan zai cancanci a bar shi ya sha iska, ko ya sa manya su ce ai wahalar ce ta yi shi. Zabiyan da zai ƙare a matsayin malamin firamare ko mai shagon kayan masarufi, shi ma mutuncinsa cikakke ne tun ranar da aka haife shi. Kuma warkewar ba ta zuwa a rana ɗaya. Wani sai ya shiga jami'a, ya ga an kira shi da sunansa shekara guda cur ba wanda ya yi dariya, sannan kafaɗarsa take saukowa.

Akwai inda abin yake fin ƙarfin gida. Yaron da ya daina cin abinci, ya daina barci, yake yanka jikinsa, ko ya fara cewa gara ma ya mutu, ba a ce masa ya daina maganar banza. A zauna da shi, a kawar da magunguna da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi wurin likita ba tare da jinkiri ba. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, da sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, suna duba masu ciwon damuwa, ba sai wanda ya fita hayyacinsa ba. Addu'a da ganin likita ba sa karo da juna. In kuma an je makaranta sau biyu sau uku ta ƙi motsawa, a cire yaron a sa shi wata, ko da an riga an biya kuɗin zangon.